Karsana Maimakon Bindiga: Tarihin Matasan da Suka Ƙi Tafiya Yaƙi

Karatu: Matiyu 5:38-48, Romawa 12:17-21



Da wuya a sami wanda ya tashi a cikin EYN bai ji labarin tsamiyar Garkida ba. A gindinta ne Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta farko ranar 17 ga Maris 1923, kuma a 2023 muka yi bikin cika shekara ɗari. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne irin gidan da mutanen nan biyu suka fito. Ikkilisiyar 'Yan'uwa da ta aiko su daga Amurka tana cikin ikkilisiyoyi uku da tarihi ya sani da ƙin yaƙi. Shekara biyar kacal kafin su iso Garkida, gwamnatin ƙasarsu ta yi barazanar gurfanar da shugabannin ikkilisiyar a kotu, domin sun shawarci samarinsu kada su sa kakin soja.

Wannan tarihi namu ne, kuma yawancin waɗanda suka ɗauki nauyinsa sa'o'inku ne, 'yan shekara 18 zuwa 25. Gwamnati ta kira su su ƙetare teku su yi yaƙi a ƙasar da ba tasu ba, suka ce lamirinsu bai yarda ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne abin da suka yi bayan sun ce a'a.

Mutum takwas a bakin kogi

A 1708, a wani ƙauye mai suna Schwarzenau a ƙasar Jamus, maza biyar da mata uku suka shiga kogin Eder aka yi musu baftisma. Jagoransu Alexander Mack ɗan gidan masu injin niƙa ne. Kakanninsu sun ga Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, wanda Kirista ya yi ta kashe Kirista da sunan addini har garuruwa suka zama kufai. Mutanen nan takwas suka ɗauki Sabon Alkawari a matsayin ƙa'idar rayuwarsu, suka karanta Huɗuba a kan Dutse kamar umarnin da aka ba su domin su aikata. Daga nan suka ƙi rantsuwa, suka ƙi ɗaukar takobi.

Tsanani ya kore su zuwa Amurka tun daga 1719, amma gwaji ya bi su can. A lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, dattijon ikkilisiya Christopher Sauer ƙarami, mai gidan ɗab'in da ya buga Littafi Mai Tsarki da Jamusanci, ya ƙi rantsuwar goyon bayan yaƙi. A 1778 aka kama shi, aka ƙwace dukiyarsa aka yi gwanjonta, ya mutu matalauci. A lokacin yaƙin basasar Amurka kuma, dattijo John Kline na jihar Virginia ya riƙa hawa dokinsa yana ƙetare layin sojojin Kudu da na Arewa domin kada ikkilisiya ta rabu biyu. Ya ƙi bautar da mutane, ya ƙi yaƙi, sai wasu suka ɗauke shi ɗan leƙen asiri. A watan Yuni 1864 aka yi masa kwanto kusa da gidansa aka harbe shi.

1917: an ce a'a, amma babu shiri

A watan Afrilu 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta kafa dokar ɗaukar samari aikin soja dole domin a tura su Turai. Dokar ba ta bar wa mai ƙin yaƙi wata ƙofa a wajen bariki ba. Ko da ba zai harbi kowa ba, sai ya sa kaki ya bi umarnin hafsa. A watan Janairu 1918 'Yan'uwa suka yi taro na musamman a garin Goshen, jihar Indiana, suka fitar da takarda suna shawartar samarinsu kada su sa kaki, kada su shiga fareti. Ma'aikatar Yaƙi ta ce wannan zagon ƙasa ne, kuma za ta kai shugabannin kotu. Cikin 'yan watanni ikkilisiya ta janye takardar, aka bar kowane saurayi a bariki shi da lamirinsa.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne wasu samari huɗu daga jama'ar Hutterite, dangin 'Yan'uwa a bangaskiya: David, Michael da Joseph Hofer, 'yan gida ɗaya, da surukinsu Jacob Wipf. Da suka ƙi sa kaki, kotun soja ta yanke musu ɗauri mai tsawo, aka kai su kurkukun Alcatraz. Aka jefa su ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi da duhu, aka ɗaure hannuwansu a jikin ƙarfe suna tsaye, aka ajiye kakin a gefensu, wai duk wanda sanyi ya dama ya ɗauka ya sa. Ba wanda ya taɓa shi. An tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba 1918, amma ba a sake su ba, aka mayar da su kurkukun Leavenworth. Joseph ya mutu a ƙarshen Nuwamba, Michael ya bi shi bayan kwana uku. Da matar Joseph ta zo ɗaukar gawarsa, sai ta tarar an sa masa kakin da ya ƙi sawa yana da rai.

Dattawan ikkilisiyoyin salama sun koyi darasi mai ɗaci. Sun koya wa 'ya'yansu abin da ba za su yi ba, amma ba su tanadar musu abin da za su yi ba. A 1935 wakilan 'Yan'uwa da Mennonite da Quaker suka haɗu a garin Newton, jihar Kansas, domin su yi shiri kafin wani yaƙin ya zo. Suka aika wakilai wurin Shugaba Roosevelt, suka roƙi a buɗe wata hanyar bauta wa ƙasa wadda ba ta bi ta bariki ba. Dokar 1940 ta amince da haka.

Waɗanda aka kira matsorata

Daga 1941 zuwa 1947, samari kusan 12,000 suka yi hidimar farar hula a maimakon aikin soja, a sansanoni da wuraren aiki kimanin 150. Gwamnati ba ta biya su albashi ba. Ikkilisiyoyi ne suka ciyar da su daga baikon masu bi. Maƙwabta suna yi musu ba'a, suna kiransu matsorata. Kuma gaskiyar tarihi ita ce, mafi yawan samarin 'Yan'uwa da aka kira a wancan yaƙi sun shiga soja kamar kowa. Masu ƙin yaƙi 'yan tsiraru ne ko a cikin ikkilisiyarsu.

Sai dai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wasu daga cikin "matsoratan" suka nemi aikin dirowa daga jirgin sama da laima a tsakiyar gobarar daji domin su kashe ta. Kimanin 3,000 suka yi aiki a asibitocin masu taɓin hankali, inda suka tarar da marasa lafiya tsirara, cikin ƙazanta, ana dukansu kamar dabbobi. Suka ƙi duka, suka riƙa rubuta abin da suka gani, wani ya ɗauki hotuna a ɓoye a wani asibiti a Filadelfiya. A watan Mayu 1946 mujallar Life ta buga hotunan, ƙasar ta girgiza, aka soma gyaran waɗannan asibitoci.

Wasu 36 kuma suka ba da jikinsu ga wani bincike a Jami'ar Minnesota ƙarƙashin Dokta Ancel Keys. Likitoci sun san cewa idan yaƙi ya ƙare za a tarar da miliyoyin mutane cikin yunwa a Turai, amma ba su san yadda ake farfaɗo da jikin da yunwa ta cinye ba. Samarin nan suka yarda a sa su yunwa da gangan har wata shida, suna cin ɗan dankali da kabeji da burodi, suna tafiyar kilomita 35 a ƙafa kowane mako. Kowannensu ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa. Har yau likitoci suna amfani da abin da aka koya daga wahalarsu.

Madara da karsana

Dan West ɗan 'Yan'uwa ne, mazaunin Indiana, wanda shi ma ya ƙi ɗaukar bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1937 ya tafi ƙasar Sifen, inda ake yaƙin basasa, domin aikin agaji. Aikinsa shi ne dama madarar gari yana raba wa yara, na wannan ɓangare da na wancan. Madarar ba ta isa. Kullum sai masu rabo sun zaɓi yaron da za a ba da wanda za a bari, suna sane da abin da barin yake nufi. West ya tuna da shanun manoman garinsu, ya ga cewa kofin madara na yini ɗaya ne, saniya kuwa ta shekaru ce.

Da ya koma gida ya kai wa manoman ikkilisiya shawara: kowa ya yi kiwon karsana ya ba da ita kyauta, a kai wa iyalin da yaƙi ya talauta. Sharaɗi ɗaya ne, cewa 'yar maraƙa ta fari da saniyar za ta haifa, a miƙa ta ga wani iyalin mabukaci. Duk wanda ya zauna da Fulani zai gane wannan dabara, domin ta yi kama da haɓɓanaye, inda ake ba wanda ya rasa garkensa aron karsana har ta haifa masa abin da zai sake tsayawa da ƙafafunsa. A 1944 aka tura karsana 17 na farko zuwa tsibirin Puerto Rico, domin hanyar Turai tana rufe. Da yaƙi ya ƙare, ikkilisiya ta nemo mutane kusan 7,000, yawancinsu samari, waɗanda suka raka shanu da dawakai a jiragen ruwa zuwa ƙasashe irin su Folan, Girka da Italiya, suna share kashi suna ba da ciyawa a tsakiyar teku. Bayan 'yan shekaru dabbobin suka isa Jamus da Japan, wato gidajen abokan gaban jiya. A nan ne Romawa 12:20, inda Bulus ya umarce mu mu ciyar da maƙiyi idan yunwa ta kama shi, ta zama abin da ake gani da ido. Wannan aiki shi ne ya zama ƙungiyar Heifer International ta yau.

A 1948, shekarar da Amurka ta sake kafa dokar ɗaukar soja dole, matasan ikkilisiya suka je babban taron shekara a Colorado Springs da wata bukata da ba ta cikin ajanda. Suna so a kafa shirin hidimar sa kai, inda saurayi ko budurwa za su ba da shekara ɗaya ko biyu na rayuwarsu ga aikin salama. Wanda suka wakilta ya yi magana, wani ɗalibi mai suna Ted Chambers, gajere ne ƙwarai, sai da ya taka akwatin lemo kafin bakinsa ya kai makirfo. Dattawa suka saurara, taro ya amince. Tun daga lokacin dubban matasa suka bi ta wannan shiri. Ku lura, 'yan'uwa, matasa ne suka kawo shi, kuma ta ƙofar taro suka shigo da shi, da ladabi da naciya.

Biyetnam: lokacin da jama'a suka tashi

A watan Agusta 1964 gwamnatin Amurka ta ce jiragen ruwan Biyetnam ta Arewa sun kai wa nata hari sau biyu a mashigin Tonkin. Majalisa ta ba Shugaba Johnson ikon amfani da ƙarfin soja. A Majalisar Dattawa mutum biyu kaɗai suka ƙi, Wayne Morse da Ernest Gruening. Bayan shekaru, takardun gwamnatin kanta suka nuna cewa hari na biyu bai auku ba. Kafin 1969 sojojin Amurka a Biyetnam sun haura 500,000. Amurkawa kimanin 58,000 suka mutu a wannan yaƙi, 'yan Biyetnam kuwa miliyoyi, da yawansu manoma da mata da yara.

A wannan karon ƙin yaƙi ya fita daga cikin ƙananan ikkilisiyoyin salama ya shiga tituna. Ranar 4 ga Afrilu 1967, Rabaran Martin Luther King ya tsaya a majami'ar Riverside a birnin New York ya yi magana a kan yaƙin. Ya nuna cewa kuɗin da ya kamata a taimaki matalauta da su yaƙi ne ke cinye su. Ya nuna cewa ana tura 'ya'yan baƙaƙen fata su mutu a wata nahiya domin 'yancin da ba a ba su a gida ba. Ya kuma ce ba zai iya hana fusatattun samarin unguwanni tashin hankali ba, muddin ya yi shiru a kan tashin hankalin da gwamnatinsa take yi. Manyan jaridu suka yi masa ca, wasu abokan gwagwarmayarsa suka ja da baya. Shekara ɗaya cif bayan wannan jawabi, ranar 4 ga Afrilu 1968, aka harbe shi a Memphis.

A cikin watan da King ya yi jawabinsa, zakaran damben duniya Muhammad Ali, wanda Musulmi ne, ya ƙi amsa kiran soja saboda addininsa. Aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe fiye da shekara uku a lokacin da ƙarfinsa yake kan ganiya, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yi masa. Ranar 15 ga Oktoba 1969 jama'a a garuruwa da makarantu da majami'u a faɗin ƙasar suka ajiye aiki domin neman a kawo ƙarshen yaƙin, kuma bayan wata ɗaya dubban ɗaruruwa suka cika birnin Washinton. Ranar 4 ga Mayu 1970 dakarun tsaron jiha suka harbe ɗalibai huɗu a Jami'ar Kent State.

A tsakiyar wannan hayaniya akwai wani saurayi ɗan 'Yan'uwa, ɗan manomi daga West Milton a jihar Ohio, mai suna Ted Studebaker. Ya shaida wa hukumar ɗaukar soja cewa lamirinsa bai yarda ya yi kisa ba. Da ya so, da ya yi hidimarsa a wani wuri mai kwanciyar hankali a gida. Sai ya nemi a tura shi Biyetnam ɗin, ba tare da bindiga ba. A 1969 ya isa garin Di Linh a yankin tsaunuka, ƙarƙashin wata ƙungiyar agaji ta ikkilisiyoyi, ya zauna cikin ƙabilar Koho, waɗanda yaƙi ya raba da gonakinsu. Ya koyi harshensu, ya yi aiki da su a kan ingantaccen irin shinkafa da kiwon kaji da ƙaramin injin huɗa, da yamma kuma ya ɗauki gitarsa. Wasiƙun da yake aikawa gida suna faɗar abin da yake gani ba tare da ɓoye-ɓoye ba, har wasu a yankinsu suka rubuto suna zarginsa da rashin kishin ƙasa. Ya ba su amsa cikin ladabi, bai janye ba.

Da wa'adinsa na shekara biyu ya kusa cika, sai ya nemi ƙari. A watan Afrilu 1971 ya auri wata abokiyar aikinsa. Bayan mako guda da 'yan kwanaki, a daren 26 ga Afrilu, aka yi wa gidan ma'aikatan ruwan rokoki, 'yan bindiga suka shiga suka harbe shi. Yana da shekara 25. Ya mutu a ƙasar da sa'o'insa sojoji suke mutuwa, cikin haɗari iri ɗaya, sai dai shi abin da ya bari a bayansa gonaki ne.

To, me aka cim ma?

Tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya. Matsin jama'a yana cikin abin da ya sa Johnson ya sanar a watan Maris 1968 cewa ba zai sake tsayawa takara ba. Shugaba Nixon da kansa ya amsa daga baya cewa zanga-zangar ƙarshen 1969 ta raunana barazanar da ya yi ta tsananta yaƙin. A 1973 aka sa hannu a yarjejeniyar Faris, aka daina ɗaukar soja dole, Majalisa kuma ta kafa dokar da ta taƙaita ikon shugaban ƙasa na tura sojoji yaƙi ba tare da yardarta ba. Muryar talakawa ta yi aiki, ko da yake a hankali.

Amma janyewar sojoji ba ta kawo aljanna ba. Bayan faɗuwar Saigon a 1975 an tsare mutane masu yawa a sansanoni, dubban ɗaruruwa suka gudu ta teku cikin ƙananan jiragen ruwa, da yawa suka nutse. A cikin masu zanga-zanga ma akwai waɗanda suka koma dasa bam da sunan neman salama, har suka kashe wani mai bincike a Jami'ar Wisconsin a 1970, suka ɓata wa sauran suna.

Akwai kuma tambayar da wani a cikinku zai yi, kuma yana da gaskiyar yinta: karsana ce ta tsayar da Hitler? A Ruwanda a 1994, ba rashin zuwan sojojin waje ba ne ya bar masu kisa suka ci karensu babu babbaka? Kiristoci masu tsoron Allah da yawa, tun daga zamanin Agustin, sun gaskata cewa akwai lokacin da hukuma za ta zare takobi domin ta kāre marasa ƙarfi. Suna nuna Luka 3:14, inda Yohanna Mai Baftisma ya gargaɗi sojoji a kan zalunci da ƙwace ba tare da ya ce su bar aikin ba, suna kuma nuna Karniliyus a Ayyukan Manzanni 10. A cikin majami'unmu akwai sojoji da 'yan sanda, akwai gwauraye da marayun waɗanda suka mutu suna tsaron garuruwanmu. Wannan tarihi ba sandar dukansu ba ce, kuma duk wanda ya mai da shi haka bai fahimce shi ba.

Abin lura shi ne, ko waɗanda suka yarda da yaƙin adalci sun gindaya masa sharuɗɗa masu tsauri: sai an gwada kowace hanya ta gaza, sai dalilin ya zama na gaskiya, sai an kiyaye ran wanda ba ya faɗa, sai ɓarnar ba ta fi gyaran yawa ba. Yaƙin da aka faɗaɗa a kan rahoton harin da bai auku ba ya faɗi wannan jarrabawa. Saboda haka mai bi na kowane ɓangare yana da hakkin ya tambayi gwamnatinsa kafin a busa ƙaho. Abin da 'Yan'uwa suka ƙara a kai shi ne, ikkilisiya tana da nata aikin dabam wanda soja ba zai yi mata ba, kuma wanda ya ƙi ɗaukar bindiga dole ya kasance a shirye ya biya farashin da soja yake biya. Ƙin yaƙi daga kan kujera mai laushi abu ne mai arha. Na su Hofer da Studebaker ya ci rayukansu.

A ƙofar gidanmu

Mu ma mun ga irin wannan rana. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum a Nijar. ECOWAS ta ba su wa'adin kwana bakwai, ta yi barazanar amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Kowa ya san cewa idan za a yi yaƙin, yawancin sojojin daga Najeriya za su fito, kuma jihohi bakwai ne suke iyaka da Nijar: Sakkwato, Kebbi, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Mutumin Illela da na Birnin Ƙonni, mutumin Jibiya da na Maraɗi, kasuwa ɗaya suke ci, auratayya ta haɗa su. Jama'a suka ɗaga murya. Majalisar Dattawa ta nemi a bi hanyar sulhu. An yi zanga-zanga a Kano. Malaman Musulunci suka tafi Yamai suka gana da shugabannin sojan, bishop-bishop na Katolika na Afirka ta Yamma suka yi kira kada a zubar da jini. Rundunar ba ta ƙetare iyaka ba, kuma a watan Fabrairu 2024 aka ɗage yawancin takunkumin.

Sulhun bai mayar da Bazoum kan kujerarsa ba, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS. Wanda yake ƙin juyin mulki yana da dalilin baƙin ciki. Amma ba a yi ruwan bama-bamai a Yamai ba, ba a ƙara wasu dubban 'yan gudun hijira a kan waɗanda muke da su ba, kuma ƙofar gyara tana nan a buɗe, abin da kabari ba ya bari. Hausawa sun riga sun faɗa, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Gwajinmu mafi zafi kuwa a cikin gida ya same mu. Yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok ranar 14 ga Afrilu 2014 'ya'yan EYN ne. Ranar 29 ga Oktoba na wannan shekara aka mamaye hedkwatarmu a Kwarhi. Majami'u sun ƙone, iyalai sun watse. A cikin wannan duhu shugabannin ikkilisiya suka ci gaba da koyar da cewa kada a ɗauki fansa a kan maƙwabci Musulmi, wanda shi ma 'yan ta'addan ba su ƙyale shi ba. Wannan koyarwa ba daga sama ta faɗo a 2014 ba. Jijiyarta ta bi ta gindin tsamiyar Garkida har zuwa bakin kogin Eder.

Yanzu gadon yana hannunku. Yawancinku ba za a taɓa kiranku gaban hukumar ɗaukar soja ba, amma kusan kullum ana kiranku yaƙi ta wayar da ke aljihunku. Hoton gawa zai shigo WhatsApp ko Facebook, ba kwanan wata, ba sunan gari, tare da kiran a tashi a rama. Ku tuna da mashigin Tonkin kafin ku tura shi gaba. Idan kun ji ana kiran sojojin wata ƙasa su zo su share mana hawaye, ko ana kiran namu su tafi wata ƙasa, ku yi tambayoyin da masu bi suka saba yi: an gwada sauran hanyoyi? wa zai mutu? wa zai biya? bayan an tafi, wa zai zauna da maƙwabcinsa? Sa'an nan ku nemi karsanarku. A sansanin 'yan gudun hijira akwai yaran da ba su iya karatu ba. A unguwarku akwai gwauruwar da akuya biyu za su canza mata rayuwa. Akwai rijiyar da Kirista da Musulmi za su iya haƙawa tare. Ted Chambers bai jira ya yi tsawo ba, akwatin lemo ya nema.

Domin tattaunawa a zumunci

1. A Matiyu 5:38-48, wane umarni ne ya fi muku wuya, kuma me ya sa?
2. Yaya za mu girmama 'yan'uwanmu da suke aikin soja, mu kuma riƙe shaidar salama ta ikkilisiya?
3. Wane aiki ɗaya ne zumuncinmu zai iya somawa kafin ƙarshen wannan shekara, wanda zai amfani wanda ba ɗan ikkilisiyarmu ba?

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu, Sarkin Salama, kai da ka hana Bitrus takobinsa, ka kuma warkar da kunnen wanda ya zo kama ka, ka ba matasanmu zuciyar da ba ta tsoro, ba ta kuma ƙiyayya. Ka ta'azantar da waɗanda yaƙi ya raba da nasu. Ka kiyaye masu tsaron ƙasarmu, ka tsare hannuwansu daga jinin marar laifi. Ka ba shugabanninmu haƙurin zama a teburin sulhu. Ka nuna wa kowannenmu aikin da ka ajiye masa, ka ba mu ƙarfin yinsa har ƙarshe. A cikin sunanka muka roƙa. Amin.